Filin Tambaya da Amsa: Mai Dabo Tsakanin Tarihi da Ƙage

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne a Agege, haifaffen nan Legas, kuma shekara biyu ke nan ina fama da wani littafi da nake son rubutawa da Hausa a kan shahararren mai dabon nan, Farfesa Peller. Marigayi mahaifina, wanda ya yi fataucin shanu tsakanin Arewa da Ikko, ya taɓa kallon wasansa, kuma har ya koma ga Allah bai daina ba mu labarin yadda mutumin ya sa mace a akwati ya raba ta biyu, sannan ta fito lafiya lau tana murmushi ba. Na ƙago wani yaro Bahaushe mai ɗaukar masa kaya, wanda ta bakinsa za a ji labarin. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani abokina da ya ce duk abin da na ƙara ƙarya ce na yi wa mamaci. Ina iyakar abin da marubuci zai ƙaga a kan mutumin da ya rayu da gaske? Kuma zan iya bayyana wanda ya kashe shi a ƙarshen littafin, tunda labari ba ya armashi idan ba a warware ƙullinsa ba?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa albarka a alƙalaminka. Mai rubuta irin wannan littafi kamar magini ne da ya gaji kango, dole ya fara sanin bangon da yake tsaye kafin ya san inda zai ɗora sabon tubali, saboda haka bari mu fara da abin da yake tsaye.

Sunan mutumin na yanka Moshood Folorunsho Abiola, kuma an haife shi a 1941 a Iseyin, garin masaƙa da ke cikin jihar Oyo ta yanzu. Matarsa, wadda jama'a suka sani da Lady Peller, ita ce mataimakiyarsa a dandalin wasa. 'Yan bindiga sun harbe shi a gidansa da ke Onipanu ranar 2 ga Agusta, 1997, kuma ɗansa Shina Peller ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a 2019. Waɗannan ba naka ba ne, ba ka da ikon matsar da su ko da taku ɗaya.

Akwai kuma abin da tarihi ya ba ka kyauta, wanda da marubuci ne ya ƙago shi da mun ce ya cika gishiri. A wannan rana ta 2 ga Agusta, a cikin wannan gari na Legas, mawaƙi Fela Anikulapo-Kuti ya rasu. Kai Bahaushe ne, ka san yadda harshenmu yake yi da harafin nan na farkon sunan Peller, har sunayen biyu su koma ɗaya a bakin mutanenmu, kuma ina kyautata zaton mahaifinka ma “Farfesa Fela” yake cewa. Ga shi kuma mai dabon yana da suna iri ɗaya da Cif Moshood Abiola, wanda a lokacin yake tsare tun 1994. To ka ɗauki yaron nan naka ka zaunar da shi a teburin mai shayi a Agege da daren ranar, wani ya shigo ya ce an ce Fela ya mutu, wani ya ce ai harbe shi aka yi, wani ya ce ƙarya ne, jinya ya yi, kowa yana da gaskiya kuma kowa yana ƙaryata ɗan'uwansa, shi kuwa yaron yana riƙe da kofi bai san ko maigidansa ake nufi ba. Babu jaridar da ta rubuta wannan zama, babu kuma wanda ka zalunta da ka ƙago shi, amma duk abin da ya ginu a kansa gaskiya ne. Irin wannan fili shi ne naka.

Game da maganar abokinka, ina ganin ya yi kuskure a rabi, ya yi daidai a rabi. Ƙarya ita ce maganar da aka faɗa don a gaskata ta alhali mai faɗin ya san ba haka ba ne. Kakanninmu sun warware wannan matsala tun da daɗewa, domin mai tatsuniya yana buɗewa da “ga ta nan, ga ta nanku”, ya kuma rufe da cewa ba don gizo ba da ya yi ƙarya, wato an yi yarjejeniya da mai sauraro tun daga farko. Haka ma mai dabo na gaskiya yake. Wanda ya biya kuɗin shiga zauren wasa ya san za a rufe masa ido, don haka ma ya zo, kuma wannan sanin shi ne ya bambanta mai dabo da ɗan damfarar da ke cewa zai ninka maka kuɗi a cikin ƙwarya. Hannunsu na iya zama iri ɗaya wajen sauri, amma ɗaya ya gaya maka wasa ne, ɗayan ya ɓoye. Saboda haka ka rubuta a bangon littafin cewa ƙagaggen labari ne, sannan a ƙarshe ka ware shafi biyu ko uku ka faɗa wa mai karatu dalla-dalla abin da ya faru da gaske da abin da ka ƙara, har da cewa yaron bai taɓa rayuwa ba. Kada ka ji kamar wannan zai rage daɗin littafin. Ni dai shafin da nake fara nema ke nan a irin waɗannan littattafai, kuma idan ban same shi ba nakan soma zargin marubucin. Cakuɗa tarihi da ƙage ma ba baƙon abu ba ne a rubutun zubenmu, domin ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933 ya ɗauki yaƙin da Turawa suka yi da Kwantagora, wanda ya faru da gaske, ya ɗora masa jarumin da ya kai har ƙasar aljannu.

Inda abokinka yake da gaskiya shi ne gizo ba shi da 'ya'ya a Legas, Peller kuwa yana da su. Kana iya ƙago hirar da ya yi da yaronsa a bayan labule, da faɗan da ya yi masa ranar da ya manta igiya, da tausayin da ya nuna masa ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, matuƙar abin bai saɓa wa halin da aka san mutumin da shi ba. Abin da ba ka da hurumi a kansa shi ne ka ɗora masa abin kunya ko laifi, kamar ka ce ya yi tsafi da jinin mutum ko ya ƙulla alkawari da aljani, don kawai babin ya yi zafi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, kuma ko ta fuskar doka, duk mai rai da ka ambata da sunansa a littafin yana da damar kai ka kotu idan ka ɓata masa suna. Idan labarin da ke zuciyarka ba zai tafi ba sai da irin wannan duhu, hanya mai sauƙi ita ce ka sauya sunan mai dabon da garinsu da ranar mutuwarsa, ka ƙago naka mutumin ɗungurungum, sai ka yi yadda ka ga dama da shi.

Batun makashi kuwa, amsata ita ce a'a, kuma ina so in daɗe a nan kaɗan. Rahotannin da aka bayar sun ce 'yan bindiga ne da ba a san ko su wane ne ba. Idan ka nuna mutum na gaske, ka yi ƙazafin kisan kai. Idan ka ƙago makashi, ka ba shi ƙabila da sana'a da dalili, to ka sani cewa rubutun Hausa a kan wannan mutumi kaɗan ne ƙwarai, kuma inda rubutu ya yi ƙaranci, ƙagaggen labari yakan zama shi ne tarihi a wurin jama'a. Bayan shekara goma za ka ji wani a majalisa yana rantsuwa cewa abokin sana'arsa ne ya sa aka kashe shi, ya karanta a littafi, kuma ba zai tuna da shafin bayanin da ka sa a ƙarshe ba. A gari irin Legas, inda Bahaushe da Bayarabe suke cin kasuwa ɗaya kuma ƙaramar magana takan zama babba, wannan ba abin wasa ba ne.

Ƙullin da mai karatu yake jira a warware ba dole ne ya zama na kisan ba. Tauraronka shi ne yaron, don haka ƙullin ya zama nasa. Shi ne ya ɗauki akwatin nan shekara da shekaru, ya san nauyinsa, ya san inda katako yake zamewa, ya kuma ji mutanen unguwarsu suna rantsuwa cewa maigidansa da iskokai yake aiki. Shin zai faɗa musu gaskiya bayan mutumin ya mutu, ko zai riƙe masa amana? Akwai jita-jitar da ta daɗe tana yawo cewa makami ba ya kama Peller sai a lokacin da yake salla, shi ya sa maharan suka zaɓi wannan lokaci. Mu da muka tashi da labarin 'yan tauri da kau-da-bara da layar zana mun san irin ƙasar da wannan magana take tsirowa a cikinta. Ka sa ta a littafin, domin ita ma wani yanki ce na yadda jama'a suka ɗauki mutumin, amma ka sa ta a bakin mai shayi ko direban tirela, kada ta fito daga bakinka kai mai ba da labari.

Abin da mahaifinka ya gani kuwa tsohon wasa ne mai tarihi. Wani Baturen Ingila mai suna P. T. Selbit ne ya fara nuna yanka mace a cikin akwati a Landan a watan Janairun 1921, daga nan masu dabo a duniya suka ɗauka kowa ya yi masa nasa gyara. A wata sigar, akwatin ya fi yadda ido yake gani zurfi, sai matar ta naɗe ƙafafunta gefe guda; a wata kuma mata biyu ne, ta ɗaya ake ganin kai, ta biyu ake ganin ƙafafu. Mahaifinka bai yi ƙarya ba, abin da aka nuna masa ya faɗa. Amma kai da za ka rubuta daga bayan labule dole ka karanci wannan sana'a kamar yadda za ka karanci ƙira idan tauraronka maƙeri ne.

Sai ka yi hattara da zamani, domin a nan ne dattawan Agege za su kama ka. Idan babin yana kafin 1 ga Janairun 1973, da fam da sule za a biya yaron, ba da naira ba. Motoci sun koma bin hannun dama ne a watan Afrilun 1972. Babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu bai kammala ba sai 1976, gab da bikin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, na 1977, don haka kada ka kai kowa cikinsa kafin lokacin. Gadar Third Mainland a 1990 aka buɗe ta gaba ɗaya, gwamnatin tarayya ta bar Legas zuwa Abuja a Disambar 1991, wayar salula irin ta yau kuwa sai 2001 ta shigo hannun jama'a, wanda shi ne ma dalilin da ya sa ruɗanin teburin mai shayin nan zai iya kwana bai warware ba. Ka zauna da tsofaffin da suka ga wasan, ka kuma daure ka je ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Ibadan ka duba tsofaffin jaridu, musamman tallace-tallacen wasanni, domin a nan za ka ga kuɗin shiga da sunayen zauruka da irin kirarin da ake yi wa mai wasa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Idi-Araba. Na karanta wani ƙagaggen labari na Turanci a kan shahararren mai dabon nan na Amurka, Harry Houdini, inda aka nuna cewa masu da'awar magana da matattu ne suka sa masa guba. Da gaske ne, ko marubucin ne ya ƙara?

AMSA: Barka kadai, Malama. Gabar da ke tsakaninsa da mutanen nan gaskiya ce, gubar kuwa zato ne da marubuta suke so. Houdini ya ƙare shekarunsa na ƙarshe yana tona asirin masu karɓar kuɗin mutane da sunan kira musu ruhin 'yan'uwansu, har ya ba da shaida a gaban majalisar dokokin Amurka a 1926 a kan wani ƙudurin hana duba. Wannan gabar ce ma ta raba shi da abokinsa, marubucin nan na Ingila Arthur Conan Doyle. A 1922 matar Doyle ta rubuta shafuka goma sha biyar ta ce saƙo ne daga mahaifiyar Houdini, wadda ta rasu a 1913, sai ga saƙon da Turanci tsantsa, da alamar gicciye a samansa, alhali tsohuwar matar malamin Yahudawa ce kuma Turancinta bai taka kara ya karya ba.

Mutuwarsa kuwa, ke da kike aikin asibiti za ki fi ni fahimtarta. Ranar 22 ga Oktoban 1926, a birnin Montreal na Kanada, wani ɗalibi ya yi ta naushinsa a ciki don ya gwada ƙarfin da ake cewa yana da shi. Ya ci gaba da wasa da ciwo da zazzaɓi mai zafi, ya ƙi kwanciya, har aka kai shi asibiti a Detroit, likitoci suka buɗe shi suka tarar da 'yar hanjin nan da ake kira afendis ta fashe, ruɓar ta bazu a cikinsa. Ya rasu ranar 31 ga Oktoba yana da shekara 52. Ba a yi binciken gawa ba, kuma ta wannan 'yar kafa ce labarin guba yake shigowa.

Akwai wani abin da ya kamata mai karanta irin wannan littafi ya riƙe. Mai dabo yakan fara ƙaga tarihin kansa tun kafin marubuci ya zo. Sunan Houdini na asali Erik Weisz, an haife shi a Budapest ta ƙasar Hangari ranar 24 ga Maris, 1874, amma ya rayu yana gaya wa duniya cewa a garin Appleton na Amurka aka haife shi ranar 6 ga Afrilu. Wani takwaransa Ba'amurke, William Robinson, ya yi shekaru yana wasa a Ingila a matsayin ɗan ƙasar Sin da sunan Chung Ling Soo, har da tafinta idan 'yan jarida sun zo, sai da bindigar wasansa ta kuskure ta kashe shi a Landan a 1918 sannan yawancin masu kallo suka san ko shi wane ne. Saboda haka ko littafin da aka kira tarihi, idan daga bakin mai dabon aka ɗauko shi, sai an tace.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12. Yarona ya ɗauko son karanta labaran masu dabo, ni kuwa a sanina dabo ɗan'uwan sihiri ne. In hana shi?

AMSA: Alhaji, Allah Ya ƙara arziki, Ya raya mana yaron. Ni ba mai fatawa ba ne, kuma hukuncin yin dabo sai ka kai wa malamanka, domin maganar tana da tushe: Imam Fakhruddin Ar-Razi ya lissafa saurin hannu da amfani da na'urori masu ban mamaki cikin abubuwan da ake kira sihiri, Ibn Kasir kuma ya kawo wannan rabe-rabe a tafsirinsa na aya ta 102 a Suratul Baƙara. Abin da zan iya cewa a matsayina na mai nazarin adabi shi ne karanta labarin abu daban yake da aikata shi, kuma yaron da ya san yadda ake rufa ido ya fi wuyar cuta a hannun masu siddabarun tasha. Shawarata ka karɓi littafin ka duba, ko ka sa ya karanta maka babi ɗaya da dare.

Ga wani labari na gaske da za ka iya ba shi. A 1856 gwamnatin Faransa ta aika da mai dabonta mafi shahara, Robert-Houdin, wanda daga sunansa Houdini ya samo nasa, zuwa Aljeriya, domin ya nuna wa shugabannin ƙabilu cewa abin mamakin Faransa ya fi na shehunan da jama'a suke bi wajen bijire wa mulkin mallaka. A wani zaure a birnin Aljiyas ya ajiye ƙaramin akwati, ya kira wani ƙaƙƙarfan Balarabe ya ɗaga shi cikin sauƙi, sannan ya ce ya zare masa ƙarfinsa. Mutumin ya yi iya yinsa akwatin ya ƙi motsi, domin gindinsa ƙarfe ne, kuma a ƙarƙashin dandalin akwai maganaɗisun lantarki da ake kunnawa a ɓoye. Daga baya aka sakar masa lantarki ta mariƙin akwatin, ya ƙwalla ƙara ya fice daga zauren a guje. Kusan duk abin da ake maimaitawa game da wannan dare daga littafin da Robert-Houdin ya rubuta a kan rayuwarsa aka samo shi, kuma a ciki bai ambaci sunan mutumin ba, balle abin da ya gaya wa iyalinsa da ya koma gida, ko yadda mutanen garinsu suka dube shi washegari. Idan yaron naka yana da sha'awar rubutu kamar malamin nan na Agege, Alhaji, ka ce masa ya fara daga ƙofar zauren, daidai lokacin da mutumin ya fito.